Karayar Gwiwar Hannu a Yara: Jagorar Kula da Jijiyar Jini da Jijiyoyin Saƙo

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin agajin gaggawa yana sanin mangwaro ya nuna tun kafin ya leƙa kasuwa, domin yaran da suka faɗo daga bishiya sai su fara zuwa riƙe da gwiwar hannu. Wasu daga katanga suka faɗo, wasu daga kan jaki ko keke, wasu a filin ƙwallo. Yaro ya tokare ƙasa da tafin hannu, gwiwar ta lanƙwashe ta baya, ƙashin damtse ya karye daga can ƙasa, dab da gaɓar. Cikin karayar gwiwar hannu a yara ita aka fi gani, kuma ta fi samun 'yan shekara 5 zuwa 7, saboda a shekarun nan ƙashin wurin siriri ne ƙwarai.

Ƙashin yaro yana haɗewa cikin mako 3 zuwa 4, ko an gyara shi da kyau ko ba a gyara ba. Abin da ke sa yaro ya rasa hannu, ko ya girma da shi a shanye, shi ne abin da ƙashin ya taɓa lokacin da ya karye, da abin da aka yi wa hannun a sa'o'in da suka biyo baya. Jagorar nan ta nas ce, da jami'in lafiya na karkara, da likitan da ke aikin kwana shi kaɗai. Iyaye ma za su tsinci abin da zai amfane su.

Abin da ke faruwa a ciki

A fiye da 95 cikin 100 na irin wannan karaya, guntun ƙashin na ƙasa baya yake tafiya, shi kuwa na sama, mai kaifin baki, ya turo gaba ya huda tsokar da ke gabansa. To a daidai nan babbar jijiyar jinin hannu take wucewa, kafaɗa da kafaɗa da jijiyar saƙo da ake kira midiyan. Jijiyoyin saƙo manya uku ne ke ratsa gwiwar hannu suna kai umarnin motsi suna dawo da ji: midiyan ta gaba, rediyal ta ɓangaren babban yatsa, alna ta baya a ɓangaren ƙaramin yatsa. Idan guntun ƙasa ya koma baya ya karkata waje, kaifin na sama yakan nufi jijiyar jini da midiyan. Idan ya karkata ciki, rediyal ce a hanya. Alna kuwa ta fi jin ciwo a karayar da ba a cika gani ba, wadda yaro ya faɗi kan tsinin gwiwa tana lanƙwashe, ko kuma a hannunmu mu ma'aikata, lokacin saka wayar ƙarfen da ake kafe ƙashin da ita.

Tun 1959 likita Gartland ya kasa karayar gida uku: wadda ba ta goce ba, wadda ta goce amma bayan ƙashin yana riƙe, da wadda ta rabu gaba ɗaya. Kusan duk tashin hankalin yana cikin ta ukun. A cikin karayar da ta goce, kusan yaro 1 cikin 10 yana zuwa da raunin jijiyar saƙo, kuma a cikin wadda ta rabu gaba ɗaya, 1 zuwa 2 cikin 10 ba a jin bugun jini a wuyan hannunsu.

Rashin bugu ba ya nufin jijiyar ta tsinke. Tana iya tsukewa don firgita, ko ta lanƙwashe a kan bakin ƙashin, ko ta maƙale tsakanin guntayen biyu, ko cikinta ya yage jini ya daskare a wurin. Kuma gwiwar hannu tana da ƙananan jijiyoyi da suka kewaye ta, waɗanda ke iya kai jini ƙasa ko babbar ta toshe, kamar yadda motoci ke ratsawa ta ƙauyuka idan gadar babban titi ta karye. Shi ya sa za ka ga hannu da ɗuminsa da launinsa, amma ka laluba bugu ka rasa. Wannan bambancin shi ne kan gaba a duk shawarar da za ka yanke.

Mataki na 1: kwance komai, ka dubi hannun kafin ka nemi hoto

Duk abin da aka ɗaura, kwance shi har ka ga fata: tsumma, karan ɗori, bandeji. Cire zobe, awarwaro, da kambu ko layar da ke damtse, ka miƙa wa uwar cikin mutunci. Tambayi ƙarfe nawa ya faɗi, ba "yaushe" kawai ba. Idan aka ce bayan la'asar ne, ka ƙiyasta ka rubuta da lamba. Tambayi lokacin da ya ci abinci na ƙarshe, sannan ka ce kada a sake ba shi komai ta baki.

Dubi gaban gwiwar. Jini da ya taru ƙarƙashin fata, kumburi mai tauri, da fatar da ta lotsa ciki kamar an tsunkule ta, alamu ne cewa ƙashin ya huda tsoka ya kamo fata daga ciki. Irin wannan yaron ko bugunsa yana nan, sa masa ido sosai. Duba ko akwai rauni a buɗe, ka taɓa sangalin hannu da wuyan hannu, domin wani lokaci karaya biyu ce a hannu guda, kuma wannan ya fi saurin kawo matsin tsoka da za mu yi bayani a gaba. Kada kuma gwiwar ta ɗauke maka hankali daga kai da ciki, tunda daga sama ya faɗo.

Mataki na 2: jini yana isa yatsu?

Abu huɗu za ka duba, kuma kowanne ka gwada shi da ɗaya hannun mai lafiya: launi, ɗumi, saurin dawowar jini, da bugu. Danna farce ko tsokar kan yatsa har ta yi fari, ka saki. Jini ya kamata ya dawo cikin daƙiƙa 2. Yatsan da jini ke isa gare shi a cike yake, wanda ba ya samu kuwa sai ka ji shi a saɓe, babu tauri.

Gwadawa da ɗaya hannun ba ƙawa ba ce. Da sanyin hunturu hannu biyun duk sanyi za su yi. Mai sikila ko mai ƙarancin jini tafinsa biyu fari ne tun asali. Yarinyar da aka yi wa lalle kuwa farcenta ba zai gaya maka komai ba, sai ka nemi wurin da lallen bai kai ba. Idan kana da na'urar auna iskar oksijin ta yatsa, maƙala ta ka ga ko zanen bugu yana fitowa. Idan akwai dofla, wato na'urar sauraron gudun jini, saurari wuyan hannu. Suna taimakawa, amma idonka da tafin hannunka ne alƙalai.

Daga nan hannun zai faɗa ɗaya cikin uku. Akwai mai bugu, mai ɗumi, mai launi. Akwai wanda babu bugu amma yana da ɗumi, jini na dawowa da sauri. Akwai kuma wanda babu bugu, ya yi sanyi, ya koɗe ko ya yi shuɗi-shuɗi, jini ba ya dawowa. Na ukun nan tsokarsa tana mutuwa ne a gabanka. Tsokar da ta yi kusan awa 6 babu jini ba ta dawowa yadda take, kuma lissafin ya fara ne tun lokacin faɗuwa, ba lokacin da suka yanki kati ba.

Mataki na 3: gwada jijiyoyin saƙo ɗaya bayan ɗaya

A nan aka fi yin sakaci. Yaro yana kuka, uwa tana kuka, ma'aikaci ya ga yatsu sun ɗan motsa sai ya rubuta "jijiyoyi lafiya". Wannan rubutun bai amfani kowa ba. Ba shi maganin ciwo tukuna, farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo na nauyinsa, idan ciwon ya yi tsanani mofin miligiram 0.1 ga kowane kilo ta jijiya a hankali. Ka bar shi a cinyar uwarsa, ka tsuguna daidai tsayinsa, ka fara wasan da hannun mai lafiya don ya gane abin da kake so.

Ka ce, "Ɗana, yi min zobe da babban yatsanka da manuniya." Idan zoben ya fito a kewaye, reshen midiyan da ke shiga zurfin sangalin hannu yana aiki. Idan yatsun biyu suka haɗu a baje, gaɓar ƙarshe ta kowannensu ta ƙi lanƙwasuwa, reshen ya ji ciwo. Shi ne aka fi samu da rauni a wannan karaya, kuma shi aka fi tsallakewa, saboda ba ya kai ji zuwa fata, yaro ba zai ce maka wani wuri ya mutu ba. Idan tsoro ya hana shi yin zoben, riƙe masa tsakiyar manuniya ka ce ya lanƙwasa kan yatsan kawai.

Ka ce ya dunƙule hannu, ya kuma taɓa ƙaramin yatsa da babban yatsa: midiyan ke nan. Ka ce ya ɗaga babban yatsa sama, ya ɗaga wuyan hannu: rediyal ke nan. Akwai tarko a nan. Yaron da rediyal ɗinsa ta mutu yana iya miƙe gaɓoɓin ƙarshen yatsu da ƙananan tsokokin tafin hannu, sai ka zaci lafiya lau. Tushen yatsu da babban yatsa za ka kalla. Sai alna: ya ware yatsu, ya ɗora yatsan tsakiya a kan manuniya, ko ya matse takarda tsakanin yatsu kana ja.

Wajen ji, wuri uku sun isa: kan manuniya ta ɓangaren tafi na midiyan ne, kan ƙaramin yatsa na alna ne, bayan hannu tsakanin babban yatsa da manuniya na rediyal ne. Shafa a hankali ka tambaye shi ko daidai yake da ɗaya hannun. Kada ka tsira masa allura, daga nan ba zai sake ba ka hannu ba. Ɗan shekara 2 ko 3 ba zai bi umarni ba, sai ka miƙa masa alawa a cikin ledarta ko wayar uwarsa ka ga yadda zai kama. Yatsan da jijiyarsa ta mutu ba ya gumi, za ka ji shi a bushe sumul. Idan duk ka yi abin ya gagara, rubuta "ba a iya gwadawa ba". Hakan gaskiya ce, kuma za ta sa na bayanka ya sake gwadawa.

Haɗuwar abu biyu ta fi kowacce ban tsoro: babu bugu, ga kuma midiyan ta mutu. Tunda maƙwabtan juna ne, abin da ya kama ɗaya da wuya ya bar ɗayar, kuma galibi tare suke maƙalewa a bakin ƙashi. Ƙari a kan haka, yaron da midiyan ɗinsa ba ta aiki ba zai ji zafin da ya kamata ya faɗakar da kai cewa tsokarsa na mutuwa ba.

Mataki na 4: rubuta, tallafe hannun, ɗauki hoto

Rubuta kowace jijiya da sunanta, motsi dabam ji dabam, da launi, ɗumi, daƙiƙoƙin dawowar jini, bugu, da ƙarfe nawa ka duba. Duk lokacin da aka taɓa hannun, bayan ɗauri, bayan hoto, bayan tiyata, a sake dubawa a sake rubutawa. Amfanin wannan zai fito gobe, ranar da aka ga yatsa ba ya motsi ana tambaya: da haka ya zo, ko a hannunmu ya samu? Amsar ce ke raba wanda za a jira da wanda za a koma a buɗe.

Sa rabin siminti ta baya, da auduga mai kauri, gwiwar a ɗan lanƙwashe kamar digiri 30 zuwa 40. Kada ka tilasta ta zuwa digiri 90 don ta shiga majanyin rataya, domin lanƙwasa gwiwar da ta kumbura yana ƙara matse jijiyar jini. Siminti mai zagaye hannu kuwa haramun ne a wannan matakin. Yatsu su kasance a waje, hannun kuma daidai da ƙirji. Idan akwai rauni a buɗe, ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya da allurar rigakafin tsinkau-tsinkau nan take.

Hoto biyu, na gaba da na gefe, ya haɗa har wuyan hannu. Hannun da ya yi sanyi ba ya bin layin hoto, kai da kanka za ka raka shi. Ba a kuma ɓata lokaci wajen neman hoton jijiyoyin jini na musamman, tunda an riga an san inda matsalar take: daidai wurin karayar.

Mataki na 5: wa zai kwana, wa ba zai kwana ba

Ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙashi ta Birtaniya ta ce ba dole ba ne a yi wannan aikin cikin dare, sai idan babu bugu, ko hannu ba ya samun jini, ko fata na shirin hujewa, ko raunin a buɗe yake. Wato mai bugu da ɗumi yana iya jira zuwa safiya a kwance a asibiti ana duba shi. Wanda babu bugu amma yana da ɗumi a yi masa da gaggawa, a daren. Mai sanyin hannu kuwa yanzu-yanzu.

Idan kana wurin da babu likitan ƙashi, aikinka shi ne turawa da wuri zuwa inda ake iya aikin, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko asibitocin koyarwa na Shika, Sakkwato da Maiduguri, ko babban asibitin Damagaram ga waɗanda ke can. Kira su kafin mota ta tashi, ka tabbatar akwai mai karɓa. Amma idan hannun ya yi sanyi kuma tafiyar ta sa'o'i ce, kada ka tura shi a yadda yake. Ba shi ketamin, wato maganin sa barci, ko maganin ciwo mai ƙarfi, wani ya riƙe damtse, kai ka ja hannun a hankali ta tsawonsa, gwiwar a ɗan lanƙwashe, na 'yan mintuna. Ba gyaran karaya kake nema ba, so kake ka sauke jijiyar daga bakin ƙashin. Sau da yawa launi yakan dawo. Sau ɗaya ake yi. Ko ya dawo ko bai dawo ba, ka ɗaure, ka rubuta, su tafi.

A nan ne kuma za ka ji wani kawu ya ce a tafi da shi wurin mai ɗori, ga sauƙin kuɗi ga kusa. Faɗa ba ya hana su tafiya. Ka kama hannun uban ka ɗora a kan yatsun yaron, na hagu da na dama, ka ce, "Baba, ka ji bambancin? Hanyar jini ce ta toshe a ciki, ɗori ba ya buɗe ta. Idan muka kai gobe, hannun ne za a yanke." Abin da mutum ya taɓa da hannunsa ya fi shiga kansa.

Mataki na 6: a ɗakin tiyata

Maganin farko na jijiyar jinin da ta toshe shi ne gyara ƙashin. A sa yaro barci sosai, a shirya kayan buɗe jijiya a gefe tun kafin a fara, a sanar da wanda ya iya ɗinkin ƙananan jijiyoyin jini. Ana fara ja ta tsawo, gwiwar a ɗan lanƙwashe. Idan fata ta lotsa, a tatso tsokar damtse daga sama zuwa ƙasa har ta kuɓuce daga bakin ƙashin. Sai a gyara karkatar gefe, sannan a tura tsinin gwiwa gaba da babban yatsa ana lanƙwasawa. Idan ka ji guntayen ba sa haɗuwa ƙashi da ƙashi, akwai wani abu mai danƙo a tsakani, ko hoto ya nuna giɓi da ya ƙi rufuwa, dakata. Mai yiwuwa jijiya ce a ciki, kuma ƙarfi zai murƙushe ta ne kawai. A buɗe.

Ana kafe ƙashin da wayoyin ƙarfe masu kaurin milimita 2, biyu ko uku daga ɓangaren waje, a ware su sosai a wurin karayar. Idan dole sai an sa ɗaya daga ciki, a miƙe gwiwar tukuna, a ɗan tsaga fata a ga ƙashin da ido, domin idan gwiwa tana lanƙwashe alna takan zamo gaba ta hau daidai inda wayar za ta shiga. Amfanin wayoyin ga jini shi ne suna ba ka damar barin gwiwar a ƙasa da digiri 90 ba tare da ƙashin ya goce ba.

An gama kafewa, sai a ɗumama hannun a jira minti 10 zuwa 15 a sake dubawa. Idan har yanzu da sanyi ba launi, a buɗe jijiyar jinin nan take. Idan da bugu kafin gyara amma ya ɓace bayan gyara, an maƙale ta ne, a zare wayoyi a buɗe. Ta gaban gwiwa ake shiga, a bi layin lanƙwasar fata, a nemo jijiyar jini da midiyan daga sama inda suke lafiya a biyo su ƙasa. Sau da yawa sakin abin da ya riƙe ta ya wadatar. Idan tsukewa ta yi, ruwan gishiri mai ɗumi da maganin fafaberin ko na lidoken a kanta sukan sake ta. Idan ta yage ko jini ya daskare a ciki, sai a cire ɓangaren da ya lalace a ɗinke, ko a yi mata ƙari da guntun wata jijiyar jini da aka ɗebo daga hannun ko ƙafa. Hannun da ya daɗe babu jini, kusan awa 6 ko fiye, a tsaga masa tantani mai tauri da ya lulluɓe tsokokin sangali tun a lokacin, kada a jira kumburin da zai biyo bayan dawowar jini.

Saura mai wuyar: an gyara, hannu da ɗumi da launi, amma bugu bai dawo ba. Likitoci sun daɗe suna jayayya a kan wannan. Mafi yawa sun tsaya a kan a kwantar da yaron awa 24 zuwa 48 ana sa ido, kuma galibi bugun yakan dawo da kansa. Ni ma a nan na tsaya, da sharaɗi biyu. Idan midiyan ta mutu tare da rashin bugun, na fi son a buɗe. Kuma "sa ido" yana nufin akwai mai duba hannun kowace awa da gaske. A ɗakin da nas ɗaya ke riƙe da gadaje da yawa cikin dare da fitilar waya, wannan alkawari ne da ba za a iya cikawa ba, gara yaron ya kwana inda za a iya.

Inda babu na'urar hoto ta ɗakin tiyata, ana iya buɗewa a gyara da ido, ko a rataye hannun a gefe da ɗan nauyi har kumburi ya sauka. Tsohuwar hanya ce, amma ta fi lanƙwasa kumburarriyar gwiwa a cikin siminti nesa ba kusa ba.

Mataki na 7: daren farko

Tsokokin sangalin hannu suna zaune ne cikin tantani mai tauri da ba ya buɗewa. Idan suka kumbura, matsi yana ƙaruwa a ciki har ƙananan jijiyoyin jini su rufe, tsoka ta mutu alhali bugun wuyan hannu yana nan. Saboda haka jin bugu ba ya wanke hannu daga wannan matsala. A yaro, alamun farko uku ne: tsoro da ke ƙaruwa, rashin natsuwa, da neman ƙarin maganin ciwo. Yaron da aka gyara wa ƙashi ya kamata ciwonsa ya riƙa raguwa. Wanda ya kasa barci, aka ba shi magani ya sake tashi da ihu, ba shagwaɓa yake ba. Miƙe masa yatsu a hankali. Idan ya yi ƙara, ka sami amsa. Koɗewa, mutuwar ji da shanyewar yatsu alamu ne na makara.

Abin yi: tsaga bandeji da auduga duka har fata, rage lanƙwasar gwiwa, sauke hannun daidai ƙirji, kira babba. Idan cikin rabin awa babu sauƙi, a koma ɗakin tiyata a tsaga tantanin tun daga gwiwa har tafin hannu, a bar raunin a buɗe. Koya wa uwar ma, ita ce ba ta barci: ta riƙa taɓa yatsun, idan ta ga sun yi sanyi ko kukan ya sauya ta taso ku.

Richard von Volkmann, likitan tiyata na Jamus, ya bayyana ƙarshen wannan lamari tun 1881: hannun da ya ƙanƙance, wuyansa a lanƙwashe, yatsu a ƙudundune. Ya ɗora laifin a kan ɗauri mai tsanani da ke hana jini wucewa. Har yau sunansa cutar take ɗauke da shi, kuma har yau sanadin bai sauya ba, ko karan ɗori ne ko simintin asibiti.

Mataki na 8: jijiyar da ba ta farfaɗo ba

Yawancin raunin jijiyar saƙo a wannan karaya buguwa ce ko jan da ta sha, ba tsinkewa ba. Wadda yaro ya zo da ita tun farko, aka kuma gyara ƙashi ya zauna daidai, jira ake yi. Galibi takan dawo cikin wata 2 zuwa 3, wasu har wata 6. Wadda ta bayyana bayan tiyata kuwa hukuncinta dabam. Alna da ta mutu bayan an sa waya ta ciki, babban likita ya duba a ranar, ya yanke ko a zare wayar ko a buɗe. Midiyan ko rediyal da ke aiki kafin gyara ta daina bayan gyara, a ɗauka ta maƙale har sai an tabbatar ba haka ba. Haka ma yaron da ke kukan zafi mai ƙuna da ke bin yatsu, ba a sa shi cikin masu jira.

Ana zare wayoyi a mako na 3 ko na 4. Lokacin jiran jijiya, a riƙa motsa masa yatsu da wuyan hannu kullum don kada gaɓoɓi su sandare, a sa masa abin tallafe wuyan hannu idan rediyal ce. Gargaɗi iyaye a kan wuta: yatsan da ba ya ji zai kama murfin tukunya ko kofin shayi ya ƙone bai sani ba. A kowane zuwa asibiti, ƙwanƙwasa hanyar jijiyar da kan yatsa daga ƙasa zuwa sama, ka yi alama inda yaro ya ji tsirr. Jijiya tana tsirowa kusan milimita 1 a rana, don haka alamar ta kamata ta riƙa saukowa wata bayan wata. Idan an kai wata 3 babu wani motsi, a yi gwajin jijiya na lantarki, a tura wa mai aikin jijiyoyi. Kada a wuce wata 6 ana cewa a dawo, domin tsokar da ta yi shekara zuwa shekara da rabi ba saƙo ba ta sake karɓa ko an ɗinke jijiyar. Daga nan sai dai a juyo da igiyar wata tsoka mai lafiya ta yi aikin.

Wanda ya zo a makare

Da yawa sai bayan kwana uku ko mako suke isowa, hannu ya yi bororo ƙarƙashin karan ɗori. Kwance, ka bi matakan nan daga farko. Duba fitsarinsa: idan ya yi duhu, matacciyar tsoka ce ke zuba cikin jini, ƙoda na cikin haɗari, a sa masa ruwa sosai. Tsaga tantani bayan tsoka ta riga ta mutu da kwanaki yana iya shigar da ƙwayoyin cuta ba tare da ceto komai ba, don haka wannan shawara ta babban likita ce. Hannun da ya ruɓe ya yi baƙi, yankewa ce ke ceton rai, kuma a zaunar da iyaye a yi musu bayani ba tare da gori ba. Wanda aka ci wa fuska yau, gobe maƙwabcinsa ba zai kawo nasa ɗan ba.

Hannun da ya riga ya ƙanƙance ana gane shi da abu guda: idan ka lanƙwasa wuyan hannu yatsu su saki, idan ka miƙe shi su ƙudundune. Mai sauƙi yana amsa abin tallafi da gashin ƙashi, matsakaici sai an saki tsokokin daga tushensu an zamo da su ƙasa, mai tsanani kuwa sai an ɗauko tsoka daga cinya an dasa. Ƙashin da ya haɗe a karkace ba gaggawa ba ne, ana iya yanka shi a miƙe daga baya. Gwiwar da ta sandare kuma a bar yaro ya motsa ta da kansa cikin wasa. Murza da ja da ƙarfi, ko ba shi bokitin ruwa ya ɗauka don ta miƙe, suna iya sa ƙashi ya tsiro cikin tsokar gaban gwiwa, ta ƙara sandarewa fiye da da.